Wai sunan Aïchatou ba daidai ba ne

Masu haɗa fom ɗin intanet, ku ji tsoron Allah. Mu da ke zaune a siber a Yamai muna cike wa mutane takardun neman aiki da na jarrabawa, mu muka san baƙin cikin da kuke ƙunsa mana.

A ce yarinya sunanta Aïchatou, haka yake a takardar haihuwarta, ɗigo biyu a kan i, amma gurbin suna ya yi ja wur, wai ba daidai ba ne. Mai shirin ya ce daga A zuwa Z kaɗai za a karɓa, sai ka ce a Amurka muke. To ina é, balle ƙ da ɗ da ƴ namu? Lambar waya guda 8 ce a Nijar, kowa bibbiyu yake rubuta ta. Ka bar fili a tsakani, a ƙi. Ka sa +227, a ƙi. Dattijon da takardarsa ta ce an haife shi wajen 1968 kuwa, gurbi ya kafe sai an kawo rana da wata. Daga ina?

Abin da ya fi ƙona mini rai, gyaran ba wuya. Tun 1995 JavaScript, yaren da ake tsara aikin shafin intanet da shi, take aiki a burauza. Da wani umarni mai suna value take karanta abin da aka rubuta a gurbi, da shi kuma take zuba sabo. Tunda ka iya karanta lambar har ka ƙi ta, ai ka iya cire filin, ka datse 227, ka mayar da ita tsaf. Layi biyu ne ko uku! Lalaci ne kawai.

Sai babbar masifar. An gama cike gurabe kaf, an danna aikawa, rezo ya tsinke ko wuta ta ɗauke, shafi ya dawo fari fat. Ga localStorage nan, wurin ajiya a cikin burauza, da zai riƙe rubutun ko an kashe kwamfuta, a goge shi in saƙo ya tafi, tunda injin siber na kowa ne. Ba su sa ba. Mai takarda na tsaye a kaina cikin zafin Afrilu, kuɗin awa na tafiya, ranar rufewa gobe, yana cewa, "Malam, anya ka iya kuwa?" Ni zan sha zagin, ni zan sake bugawa tun daga sunan uba, kuma ba ni da fuskar karɓar ko dala a kan na biyun.