Addinin Wicca da tambayar wanda zai tantance cuta

Duk wanda yake leƙa TikTok ko Instagram na matasan Turai da Amurka zai ci karo da masu kunna kyandir suna zana tauraro mai tsini biyar a cikin da'ira, suna kiran kansu mabiya Wicca. Yawancinmu da mun ga haka sai mu yanke hukuncin cewa bautar Shaiɗan ce, mu wuce. A ganina wannan gaggawa ce, domin mabiya Wicca ba su ma yarda da samuwar Shaiɗan ba, suna ɗaukarsa a matsayin aƙidar Kirista da Musulmi wadda ba ta shafe su ba. Wanda yake son sukar addini ya kamata ya soki abin da addinin ya faɗa da bakinsa, kuma abin da Wicca ya faɗa game da abin bauta da tarbiyya yana da gurbin suka da ya fi wancan zargin ƙarfi nesa ba kusa ba.

Addinin sabo ne. Wanda ya fito da shi fili wani Bature ne mai suna Gerald Gardner, tsohon ma'aikacin kwastan na mulkin mallaka a Malaya, wanda ya yi ritaya ya koma Ingila a 1936. Bayan an soke tsohuwar dokar hana maita a 1951, sai ya wallafa littafi a 1954 yana da'awar cewa ya tarar da ragowar wani daɗaɗɗen addini da ya tsira a ɓoye tun kafin zuwan Kiristanci. Masana tarihi ba su karɓi wannan da'awa ba, kuma Ronald Hutton na Jami'ar Bristol ya nuna a bincikensa na 1999 cewa a ƙarni na ashirin aka harhaɗa addinin daga al'adun ƙungiyoyin asiri da littattafan sihiri da waƙoƙin begen daji na marubutan Ingila. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kusan mutum 13,000 ne suka rubuta Wicca a matsayin addininsu.

A tsarin Gardner abin bauta biyu ne, mace da namiji. Macen ana danganta ta da wata da ƙasa da haihuwa, kuma da yawa suna siffanta ta da fuskoki uku, budurwa da uwa da tsohuwa, daidai da jinjirin wata da cikarsa da raguwarsa. Namijin mai ƙaho ne, nasa ne daji da farauta da mutuwa, kuma a labarin da bukukuwansu takwas na shekara suke bi, ana haifarsa a tsakiyar hunturu, ya girma, ya mutu da kaka, a sake haifarsa. Sai dai da zarar ka tambayi mabiyan ko waɗannan biyun su wane ne a haƙiƙa, amsoshi za su rarrabu. Wani zai ce halittu ne masu rai da hankali, wani ya ce fuskoki biyu ne na iko guda da ba a iya saninsa, wani kuma ya ce alamu ne kawai na abin da ke cikin zuciyar ɗan Adam. Reshen da Zsuzsanna Budapest ta kafa a Los Angeles a farkon shekarun 1970 ma ya ajiye namijin gefe, ya taƙaita ga macen. Dukkansu kuma suna amsa sunan Wicca.

Abin da ya haɗa su, wanda kuma shi ne mabuɗin maganata, shi ne cewa abin bautarsu yana cikin halitta ne, a bishiya da ruwa da jikin mutum, ba ya aiko manzo, ba ya saukar da littafi, ba ya kuma zaman hisabi. A babbar ibadarsu ta daren cikar wata ana kiran abar bautar ta sauko a jikin shugabar taro ta yi magana da bakinta, abin da zai tuna wa Bahaushe hawan bori ko da yake asalinsu daban ne. Abin bautar da ba ya ba da umarni kuwa ba zai bar wa mabiyansa shari'a ba, don haka ba abin mamaki ba ne da tarbiyyar addinin ta tattaru a jimla guda, wadda Doreen Valiente, tsohuwar shugabar taro a ƙungiyar Gardner, ta furta a wani jawabi a 1964, ma'anarta kuwa ita ce: matuƙar ba za ka cuci kowa ba, aikata abin da kake so. Su kansu suna ɗaukarta nasiha, ba doka ba.

Jimlar tana da kyau, ba na musun haka, kuma Musulmi ba baƙo ba ne gare ta, tunda muna da hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa, wanda malaman fiƙihu suka gina babbar ƙa'ida a kansa. Bambancin shi ne, a wurinmu ƙa'idar tana zaune ne a cikin tsarin da ya fayyace cuta, ya auna babba da ƙarama, ya faɗi wadda za a jure don kauce wa wadda ta fi ta, ya kuma naɗa alƙalin da zai raba gardama. A Wicca mai aikata abu shi ne mai tantance ko abin cuta ne, alhali kowa ya san yadda zuciya take iya wanke mai ita. Shi ya sa har gobe suke jayayya a kan ko sihirin jawo soyayyar wani cuta ne tunda ya taɓa zaɓinsa, ko cin nama ya saɓa wa nasihar, ko ya halatta a ɗaure azzalumi da asiri don kare wanda ake zalunta. Gardner da kansa ya ba da labarin cewa a 1940 ƙungiyarsu ta yi tsafi don hana Hitler tsallakowa Ingila, wanda ke nuna cewa tun farko sun san akwai lokacin da ƙin tsoma hannu shi ne cutar.

Don cike wannan giɓi ne, a fahimtata, aƙidar ninki uku ta samu karɓuwa, wato duk abin da ka aikata, alheri ko sharri, zai dawo maka sau uku. Raymond Buckland, wanda ya kai Wicca Amurka a farkon shekarun 1960, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. To amma wa yake ninkawar, tunda an ce babu mai hisabi? Valiente kanta ba ta gamsu da wannan aƙida ba, kuma ta faɗi haka a fili.

Adalci ne in ambaci amsarsu. Suna cewa rashin doka nauyi ne a kan mutum, domin ba shi da Shaiɗan da zai ɗora wa laifi, kuma ba shi da umarnin da zai fake da shi. Suna kuma nuni da halaye takwas da ke cikin shahararren nassin ibadarsu, irin su tausayi da tawali'u da girmamawa. Wannan amsa tana aiki ga mutumin da ya riga ya zama na kirki, amma tarihinsu ya nuna abin da ke faruwa idan saɓani ya taso. A 1957 Valiente da wasu abokanta suka gaji da yadda Gardner yake yawan hira da 'yan jarida, suka rubuta ƙa'idojin da za su taka masa burki. Sai ya ce babu buƙata domin akwai tsofaffin dokoki tun na kakanni, ya fito da wani jeri wanda ya rage ikon shugabar taro mace, har ya tanadi cewa ta sauka ta bar wa wadda ta fi ta ƙuruciya. Valiente ta yi zargin shi ya rubuta su da hannunsa, ta fice daga ƙungiyarsa a wannan shekarar.