Sabon direban tirela a Amurka da takwaransa na Turai: wa ke biyan lokacin jira?

Duk wanda ya zo Amurka yana neman sana'ar da ake shiga da wuri, da wuya a ƙi nuna masa tuƙin tirela, domin cikin 'yan makonni yana iya mallakar lasisin tuƙin manyan motocin kasuwanci, wato CDL, kuma kamfanoni ba sa rabo da tallar neman direbobi. A 2021 ƙungiyar kamfanonin, ATA, ta ce ana ƙarancin direbobi kimanin 80,000. Sai dai ita ce kuma ta daɗe tana nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango, yawan direbobin da ake sauyawa a shekara yakan kai kusan kashi 90 cikin 100. A ganina masu lasisi ba su yi kaɗan ba, randar ce ke yoyo, kuma tsaguwar tana cikin tsarin biyan kuɗi.

Mafi yawan sababbin direbobi a nan da mil ake biyansu, 'yan senti a kan kowane mil da tayar mota ta murza. Idan direba ya isa wurin lodi aka bar shi a layi rabin yini, galibi ba a fara lissafa masa kuɗin jira sai bayan awa 2, idan ma an lissafa. Duba lafiyar mota, shan mai, cunkoso da neman wurin kwana duk aiki ne, amma mil ba ya ƙaruwa da su. Ga kuma ƙa'idar FMCSA, hukumar tarayya mai sa ido kan sufurin manyan motoci, wadda ta taƙaita tuƙi zuwa awa 11 cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10; tun Disamban 2017 na'ura ce ke riƙe da wannan lissafi, saboda haka awannin da mai kaya ya cinye wa direba sun tafi ke nan. Dokar ƙwadago ta 1938 da ta tanadi kuɗin ƙarin lokaci bayan awa 40 a mako ta cire direbobin da ke ƙetara jihohi daga wannan tanadi, kuma tun da aka sassauta dokokin sufurin a 1980, zamanin Shugaba Jimmy Carter, gasar karya farashi ta ƙara matse lamarin.

Sabon shiga ya fi kowa shan wannan ɗaci. Sau da yawa kamfani ne ya koya masa tuƙi bisa sharaɗin zai yi masa aiki na wajen shekara guda, in ya fita kafin lokaci kuɗin koyon ya zama bashi a wuyansa. Zai kuma shafe makonni yana kwana a kan mota ɗaya da mai horar da shi, mutumin da bai taɓa gani ba, kafin a damƙa masa tasa motar.

A Tarayyar Turai an kama matsalar ta wata fuska. Dokar 561/2006 ta tsayar da tuƙi a awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan awa 4 da rabi, kuma ba a wuce awa 90 cikin mako 2. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokar ta hana biyan direba gwargwadon nisan tafiya matuƙar hakan zai jefa hanya cikin haɗari ko ya ingiza shi ga karya ƙa'ida. Gyaran 2020 ya tabbatar da cewa ba a cinye cikakken hutun mako na awa 45 a cikin mota, kamfani ne zai biya masauki, kuma wajibi ne ya tsara aiki yadda direba zai iya komawa gida duk mako 4. A Amurka babu dokar tarayya da ta ba direba wannan haƙƙi. Komawarsa gida alkawari ne kawai tsakaninsa da mai tsara masa lodi.

Ban ce Turai ta tsira ba. A 2023 direbobi 'yan Jojiya da Uzbekistan da wasu ƙasashe sun ajiye motocinsu makonni a wurin hutu na Gräfenhausen a Jamus saboda haƙƙinsu da aka riƙe, abin da ya nuna doka a takarda ba ta isa ga baƙon da aka ɗauko ta hannun ƙananan 'yan kwangila. Kuma ƙwararren direba a Amurka yana iya samun abin da takwaransa na Turai ba zai gani ba: a 2022 Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, ta sanar cewa direbanta na iya samun har dala 110,000 a shekararsa ta farko da kamfanin.

Amma irin waɗannan guraben sai mai gogewa da tsabtataccen tarihin tuƙi, kuma a irinsu ne direbobi suka fi zama, domin ana biyansu ayyukan da ba na tuƙi ba, suna kuma ganin iyalinsu a kai a kai. Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata nakan ce ya bar zancen senti nawa ne mil, ya fara tambayar nawa ake biyan awar jira, kwana nawa zai yi kafin ya ga gida, da nawa za a bi shi idan ya ajiye aikin a wata na 6.