Masaukin kyauta a Legas ya fi otal tsada

'Yan uwana 'yan kasuwa masu zuwa Legas sari ko ganawa da kamfanoni, akwai wata al'ada tamu da nake ganin lokaci ya yi da za mu sake duba ta. Mutum zai taso daga Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da jari mai kauri, ya biya kuɗin jirgi mai tsada, amma da an zo maganar wurin kwana sai ya ce ai yana da ɗan uwa a Agege, ko ɗan garinsu a Mile 12, can zai sauka. Ba ya tsayawa ya tambayi kansa a wane ɓangaren gari harkar da ta kawo shi take. A ganina wannan ce babbar asarar da muke tafkawa a tafiyar Legas, kuma ba ma saka ta a lissafi saboda ba daga aljihu take fita ba. Lokaci take ci, da ƙarfin jiki, da natsuwar da mutum yake buƙata idan ya zauna ciniki.

Legas gari ne da ruwa ya raba biyu. A gefen tsibiri akwai Balogun da Idumota da Marina, sai Ikoyi da Victoria Island inda ofisoshin bankuna da manyan kamfanoni suke, sai Lekki ta miƙe can gabas. A ɗaya gefen kuma akwai Ikeja mai filin jirgin sama, da Agege, Oshodi, Mushin, Yaba, Apapa da Ojo. Manyan gadoji uku ne suka haɗa su: Carter da ke sauka a Idumota, Eko da ke sauka wajen Apongbon, sai Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka kammala a 1990. Da asuba jama'a kan kwarara zuwa tsibiri, da yamma su juyo gida, duk ta waɗannan gadoji. Wanda ya kwana a Agege alhali harkarsa tana Victoria Island ya saka kansa cikin wannan kwarara sau biyu a rana, zuwa da dawowa. Tafiyar da ba za ta wuce minti arba'in ba a ranar Lahadi tana iya cin awa biyu ko uku a safiyar Litinin, balle a ce an yi ruwan sama a watan Yuni ko Yuli.

Kasuwannin ma ba wuri guda suke ba. Mai sayen wayoyi da kayan kwamfuta Ikeja zai nufa, Computer Village. Mai neman kayan gyaran mota yana Ladipo a Mushin. Atamfa da leshi da takalma suna Balogun. Kayan lantarki suna Alaba International a Ojo, kan hanyar Badagry, kuma Trade Fair ma a kan wannan hanyar take. Mai fitar da kwantena yana Apapa ko Tin Can. Daga Ikeja zuwa Ojo tafiya ce mai zaman kanta, amma sai ka ji mutum ya tsara zai shiga Computer Village da safe, ya leƙa Balogun da azahar, ya ƙarasa Alaba kafin la'asar. A Kano ana iya yin Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari a wuni ɗaya har a koma gida cin abincin rana. Legas ba ta yarda da wannan.

Na taɓa yin tafiya tare da wani matashi mai shagon kayan lantarki, yaro mai hankali da ƙoƙari. Ya sauka wajen kawunsa a Ketu, kayansa kuma suna Alaba. Kullum yana idar da sallar asuba zai fita, ya sauya mota biyu ko uku, ya isa kasuwa rana ta take, riga ta jiƙe sharkaf da gumi, ƙafafu sun yi futu-futu. Mutumin da ya iso a wannan hali ba ya iya zagaya layi biyar yana gwada farashi. Shagon farko da aka ba shi kujera da ruwan sanyi, nan yake zubewa. Mai shago kuma ɗan kasuwa ne, yana kallon fuska ya san wanda ya gaji. Ƙarfe uku na yi hankalin yaron ya koma kan hanya, yana tsoron dare ya same shi a Mile 2 da kuɗi a jiki. Aikin kwana biyu ya zama na kusan mako, shagonsa na gida yana hannun yara. Da ya kama ɗaki mai sauƙin kuɗi a kusa da kasuwar, da ya shiga tun ana buɗe shaguna, ya yi ciniki a tsanake, ya tsaya a kan kayansa har a ɗaure su a kai tashar lodi. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba na raina shi. Za a ce gidan ɗan uwa akwai amana, akwai abincin da ciki ya saba da shi, akwai jam'in salla, akwai wanda zai tsaya maka idan wata matsala ta taso. Gaskiya ne. Sai dai mu tuna yadda iyayenmu suka gina wannan al'ada. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatake suka riƙa gangarawa da shanu suna dawowa da goro, aka kafa zango-zango irin su Agege da Shagamu da Sabo ta Ibadan. Baƙo yana sauka wajen maigida ne saboda gidan maigidan yana bakin kasuwar. Shi ne mai ajiye kaya, shi ne mai haɗa ka da dillali, shi ne mai tsaya maka a kan bashi. Masauki da ciniki abu guda ne a wancan zamani. Har gobe mai kawo tumatir da albasa da tattasai Mile 12 yana da gaskiya idan ya kwana a Mile 12. Amma wanda ya zo ganawa da wani kamfani a Lekki, ya je ya kwanta a Agege, sunan al'adar kawai ya riƙe, hikimarta ta kuɓuce masa. Zumunci kuwa ba sai da kwana ba. Ka gama aikinka, ka ware yammaci guda ka je ka gaida kawu da tsarabarka a hannu. Shi ma ka sauƙaƙa masa, don mafi yawan mutanenmu a can ɗaki ɗaya ko biyu suke haya da iyalinsu, kunya ce kawai take hana su faɗa.

Maganar zuwa ba ta da tsawo. Jirgin sama daga Kano kamar awa ɗaya da rabi ne, mota kuwa tafiyar kusan kilomita dubu ce, ko ta Mokwa da Jebba da Ilorin, ko ta Abuja da Lokoja. Wanda ya hau safar dare ya sauka da safe, kada ya saka ganawa mai muhimmanci a ranar. Mai jirgi kuma ya duba tikitinsa da kyau, domin jiragen cikin gida a Ikeja tasha biyu suke amfani da su, tsohuwar da kuma sabuwar da ake kira MM2. A lokacin hunturu hazo yana jinkirta jiragen Arewa, a bar sarari a tsarin tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda da yawanmu har yanzu Legas ta shekara goma da suka wuce muke ɗauke da ita a ka. Garin ya sauya. Tun watan Satumba na 2023 jirgin ƙasa na Blue Line yake jigila tsakanin Marina da Mile 2, a cikin mintuna kaɗan, a hanyar da mota kan daɗe tana jan ciki. A 2024 aka buɗe Red Line daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Ga motocin BRT masu layinsu daban tun 2008. Duka da katin Cowry ake biya, ana sayensa a tasha a zuba masa kuɗi. A kiyaye abu ɗaya: tashar Alaba da ke kan Blue Line ba ita ce kasuwar Alaba International ba, kasuwar tana can gaba sosai, sai an sauka a Mile 2 an ƙara mota. Akwai kuma jiragen ruwa daga Ikorodu zuwa tsibiri, ga wanda ruwa ba ya ba shi tsoro.

Acaɓa kuwa, wanda a da shi ne mai fitar da mu kunya idan cunkoso ya riƙe, a yi hattara da shi. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin jihar ta hana shi a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a watan Satumba ta ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Dokar ba ta tsaya kan mai babur ba, har fasinja tana hawa kansa. Na san da yawa daga cikin masu wannan sana'a yaranmu ne, kuma hanin ya taɓa su ƙwarai, amma baƙon da ke ɗauke da takardun kamfani da kuɗin mutane bai kamata ya jefa kansa hannun hukuma saboda gaggawar rabin awa ba. Idan akwai jaka ko kwamfuta a hannu, a kira Uber ko Bolt, a duba lambar motar kafin a shiga. Danfo, wato ƙaramar bas ta haya, na da araha kuma tana shiga ko'ina, amma a hau ta a cikin tasha, ba a bakin titi da duhun asuba ko bayan isha ba, saboda ɓarayin da ke shigar burtu da motar haya. A riƙe ƙananan kuɗi, don kwandasta ba ya son jin maganar canji.

Ranakun ma a duba su. Safiyar Alhamis kasuwanni da yawa ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe goma saboda shara, Lahadi kuma manyan kasuwannin sari kusan a rufe suke. Wanda Juma'a ta riska a Balogun ko Idumota, babban masallacin Legas yana nan kan titin Nnamdi Azikiwe, da ƙafa ma za a je.

Ga yadda nake tsara tawa tafiyar, kuma shi nake ba ƙannena shawara: ɓangare ɗaya na gari a rana ɗaya, a kwana inda za a iya isa wurin harka cikin rabin awa. Idan harkar ta kasu biyu, Ojo da tsibiri misali, a sauya masauki a tsakiyar tafiya, jaka ɗaya ce ba wani kaya ba. Idan kuma jirgin komawa na safe ne, daren ƙarshe a yi shi a Ikeja, domin mai tasowa daga Lekki ko Ojo yana iya fita da wuri ya tarar tirela ta faɗi a hanya, ya rasa jirgi, ya koma biyan kuɗin sauya tikiti.