Mujalla ɗaya, lamba uku: wahalar da ake ba masu bincike a laburarenmu

Ɗalibi ya taso daga Aboabo ko Asawase, ya biya kuɗin trotro, ya tsallake cunkoson Kumasi, ya isa laburare da sunan mujalla da shekara da shafi rubuce a takarda. Kwamfuta ta ce akwai. Ya je kanta ya tarar da kundi na 1 da na 2, sai na 9, na tsakiya babu. Ba sace su aka yi ba, suna cikin ginin, an dai liƙa musu wata lamba an jibge su a wani layi. Wannan sakaci ne, kuma abin haushin shi ne ƙa'idar aikin ba ɓoyayya ba ce.

Littafi ana buga shi a gama. Mujalla kuwa kullum haihuwa take yi, don haka lamba ɗaya ake ba ta, sau ɗaya, duk abin da ya fito daga baya ya shiga ƙarƙashinta. A tsarin Dewey na jera littattafai bisa fanni ana ɗaukar lambar fanni a ƙara mata 05, alamar abin da ke fitowa lokaci-lokaci: mujallar ilimi 370.5, ta likitanci 610.5, ta noma 630.5, ta addinin Musulunci 297.05. Tarihin Gana 966.7 ne, amma a nan sifili biyu ake sawa, 966.7005, domin sifili ɗaya an riga an ware shi wa zamunnan tarihi. Wanda ya rubuta 966.705 ya kai mujallar cikin littattafan wani zamani ke nan. Wannan lambar fanni ita ce layi na farko a lambar da ake liƙa wa kundi. Layi na biyu alamar sunan mujalla. Layi na uku kundi da shekara, kuma shi kaɗai ke canjawa. Me ya yi wuya a nan?

To amma sai a dawo da kundi daga wurin ɗinki, a miƙa wa sabon ma'aikaci ko ɗan hidimar ƙasa da ba wanda ya nuna masa komai, ya buɗe ya ga maƙalar farko a kan koko take, ya ba kundin lambar noma. Na baɗi ya buɗe da maƙala a kan sarautar Asante, ya tafi tarihi. Laifin ba na yaron ba ne, na wanda ya sa shi aikin ne bai ce masa ya fara duba ko sunan yana cikin katalogi ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne canjin suna, kuma a ƙasar nan ba mu da uzuri, domin 1957, shekarar da Gold Coast ta zama Gana, ta canja wa wallafe-wallafe da yawa suna. Transactions of the Gold Coast and Togoland Historical Society ta koma Transactions of the Historical Society of Ghana, lissafin kundi kuma ya ci gaba daga na 3. Haka ne, sabon suna yana samun sabon bayani a katalogi, kuma babban canjin suna yana jawo sabuwar lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla ta duniya, mai alƙaluma takwas. Amma lambar jerawa a kanta daban take. Muddin lissafin kundi bai koma 1 ba, fannin kuma bai sauya ba, tsohuwar lamba ake riƙewa domin kundi na 2 ya jingina da na 3. Wanda ya ɗauki alama daga sunan ƙungiya ya sa na farko a G, na biyu a H, ya raba uwa da ɗa. Sannan ga gurabe biyu a tsarin MARC na rubuta katalogi a kwamfuta, 780 na tsohon suna da 785 na sabo, an yi su ne musamman don mai nema ya bi sawu. Sai ka buɗe ka gan su fayau. Minti biyu fa aikin yake ci!

Ga kuma al'adar nan ta yanko haruffa uku na farkon suna. A littafi tana ɗan yin aiki, a mujalla masifa ce. Nawa ne ke farawa da Journal, nawa da Ghana? Duk su taru a JOU da GHA, kundin wannan ya shiga tsakanin na waccan. Na Larabci ma, waɗanda malamanmu na Zango suka fi nema, haka: ɗimbinsu da Majalla suke farawa, sai 297.05 MAJ ta zama kasuwar Kejetia. Ana tsallake The da al- tun farko, a yi amfani da jadawalin Cutter mai mai da suna harafi da alƙaluma, ko a ƙara alƙalami ɗaya da zai bambanta su. Lamba biyu iri ɗaya ga mujalla biyu ba lamba ba ce.

Kada a cusa shekara cikin gundarin lambar kamar ta littafi. A daidaita rubutun kundi, yau v.3, gobe vol. III, jibi 1957 kawai, wannan shi ke sa kwamfuta ta rikita jerin. Idan fitowa ɗaya ta ɓace kafin ɗinki, a rubuta a ƙeyar kundin cewa bai cika ba, a rubuta a katalogi wace ce babu, kada mutum ya wuni yana juya shafi. A bar wa kowace mujalla mai rai filin kamar shekara biyar a kanta. Idan dole ta sa an kwashe tsofaffin kundi zuwa sito, a kafa ɗan katako ko kwali a gurbinsu da rubutun inda suka koma.