Mawaƙin da ba shi da ubangida

Wata Asabar bayan sallar Isha'i, a farfajiyar wani wurin shan shayi da ke Barnawa, wani matashi ya zauna kan kujerar roba ya ɗora jita a cinya. Mu da muka taru ba mu kai 50 ba. Babu 'yan amshi, babu fiyano, babu sanƙira a gefe. Lasifikar da aka kawo sai ƙugi take yi, har ya ce a kashe ta. Da muryarsa zalla ya rera waƙar mahaifinsa, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, wanda ya rasu katin aikinsa na cikin aljihun riga yana jiran haƙƙin sallama. Wani dattijo da ke kusa da ni ya cire hula ya riƙe a hannu har aka kai ƙarshen baiti. Duk wanda ya san Kaduna kafin masaƙu su durƙushe a farkon shekarun 2000 ya san abin da ya taɓa zuciyar dattijon nan.

Na bar sunan yaron domin maganar ta wuce shi kaɗai. Shekara biyu baya a ɗakinsa na Tudun Wada yake naɗar waƙa da wayar hannu ya ɗora a TikTok. Yau ana jin muryarsa a cikin Keke, ɗalibai kuma na gayyatarsa har Zariya. Shi ke rubutawa, shi ke kaɗawa, shi ke rerawa, babu kamfanin da ya ɗaure masa gindi.

Na sha jin ana cewa wannan kwaikwayon Turawa ne kawai. Ban yarda ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake tsayawa da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ya yi wa karen mota waƙa a lokacin da yawancin makaɗa ke neman ƙofar sarki da ta attajiri. Mutum ɗaya, abin kiɗa ɗaya, labarin talaka: mun san wannan tun kafin a haifi yaron nan. A nan Kaduna ma marigayi Bala Miller ya daɗe da haɗa Hausa da jita da ƙahonnin busa. Abin da ya sauya shi ne hanyar da waƙa ke bi ta kai kunne.

Inda nake jin tsoro shi ne batun ci da sha. Waƙar Hausa ta tashi ne a inuwar ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa mai ba shi riga da doki da hatsi. Makaɗin jama'a yana da masu liƙi. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, furodusa ya zama sabon ubangida, waƙoƙin nanaye suka cika kasuwa. Daga baya ɗan siyasa ya shigo da mota da kujerar Makka. Wannan yaro ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, shi ya sa ya iya yin waƙar masaƙa ba tare da an ce ya cire wani baiti ba. To amma wa zai biya kuɗin situdiyo?

Na tambaye shi bayan an watse. Na ce, "Ƙanena, da me kake ɗaukar nauyin wannan aiki?" Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi Yaya, da kuɗin gyaran waya."

Mutane na ganin da zarar waƙa ta yi tashe a intanet, shi ke nan kakar mai ita ta yanke saƙa. Ba haka abin yake ba. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha a kan dogayen bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, tun 2024 ba ya biyan ko kwabo a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. Ko an cika sharaɗin, sauraron da aka yi daga Najeriya bai kai darajar na Ingila ko Amurka ba a wajen biya. Sannan ga namu halin: mai turi a kasuwa zai zuba maka waƙa ɗari a memori ya karɓi 'yan canjinsa, kai kuma ka tura wa abokai ta Xender, mai waƙar bai san an yi ba. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, sai dai yaron da ke gyaran waya ba shi da kuɗin lauya.

Ga kuma zaɓen 2027 na ƙaratowa. Na tabbata akwai wanda zai kira shi ya ajiye masa abin da bai taɓa riƙewa ba, a ce ya saka sunan ɗan takara a amshi. Idan ya karɓa ba zan zarge shi ba, mai iyali ya san zafin cefane. Amma daga ranar, duk lokacin da ya buɗe baki ya ambaci mahaifinsa, rabin masu saurare za su fara tambayar wa ya aiko shi. A daren nan na Barnawa akwai mutanen Rigasa, akwai na Sabon Tasha, suna amsa baiti ɗaya da Hausa ɗaya. A garin da kogi ya daɗe da zama iyaka tsakanin unguwanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma waƙar jam'iyya ɗaya ta isa ta wargaza shi.

Shi ma da sauran aiki a gabansa. Wani lokaci yakan lanƙwasa kalma don ta bi kiɗan jita, ya ja wasalin da ba a ja, har "gari" na zama ya koma "gari" na tuwo. Kunnen Bahaushe ba ya yafe wannan. Ya nemi tsoffin waƙoƙin da Rediyon Tarayya Kaduna ya raini iyayenmu da su, ya ji yadda magabata ke auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi kafin su ɗora a kan kiɗa.

Sauran nauyin namu ne, mu da muke cewa mun gaji da waƙar yabon 'yan siyasa. Mu ne ya kamata mu tsaya a gurbin ubangidan, ta hanyar sayen tikiti, da saurare daga shafinsa maimakon memori, da gayyatarsa biki a biya shi kamar yadda ake biyan mai hoto da mai abinci. Masu ɗakunan taro su ba irinsu dare ɗaya a wata a kan farashi mai sauƙi. Bikin littattafai da fasaha na KABAFEST da aka fara a 2017 ya nuna akwai masu fitowa don irin wannan zama a Kaduna.

Ya ce mini wasansa na gaba zai sa kuɗin shiga a karon farko, kuma gabansa na faɗuwa kada kujeru su zauna wayam. Na ce ya ajiye mini guda uku, zan zo da dattijon nan mai hula idan na same shi.