Shekara huɗu ba wanda ya ce Gwaggo ta cire takalmi

Jiya na raka Gwaggona ƙaramin asibitin da take karɓar maganin ciwon sukari a nan Kumasi, kuma tun da muka dawo Aboabo abin yake ci mini rai.

Shekara huɗu ke nan tana zuwa, kullum abu ɗaya: a tsire mata yatsa, a auna jini, a rubuta lamba a kati, a ce "Mma, a rage sukari", a miƙo metformin. Jiya sai muka faɗa hannun wata sabuwar nas, yarinya ƙarama. Ta ce, "Mma, don Allah a cire silifas in ga ƙafa." Gwaggo ta ce, "'Yata, ai ba ƙafa ce ta kawo ni ba." Yarinyar ta yi murmushi, ta durƙusa, ta ɗauko wani siririn zare mai kama da na fatsa, ta ce ta rufe ido. Tana dangwala mata tana tambaya ko ta ji. A ƙafar dama ta ji. A babban yatsan hagu an taɓa sau uku, shiru. Tsakanin yatsun kuma ga wata 'yar tsaga har ta fara ruwa, Gwaggo ba ta ma san da ita ba.

Duk wannan bai kai minti biyar ba, zaren kuma ba ya cin wuta ko batir. Sukari in ya daɗe da yawa a jini, jijiyoyin ƙafa yake kashewa a hankali. Mutum ya taka ƙusa bai ji ba, gyambo ya zauna, sai dai a ji an tura shi Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, ana maganar yanke ƙafa. Ƙwararru suna can, suna asibitin Korle Bu na Accra, amma sau da yawa kafin a kai gare su aikin gama ya gama.

Ban ga laifin waɗanda suka riga yarinyar nan ba. Mutum ɗaya ne da layi har waje, kuma abin da ba a saba maka da shi ba, ba ka yin sa cikin sauri. Abin da nake cewa shi ne horon ya sauko ƙasa. Duk 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, ana sa riguna, a yi tattaki, a auna mutane kyauta. Madalla. Amma nas ɗin CHPS, wato ƙaramin ɗakin shan magani na unguwa, da mai shagon magani na bakin titi su ne tsohuwar zango take fara gani, su ya kamata a fi koya wa.

Ku dubi maganar "rage sukari" ɗin nan. Gwaggo ta bi ta sau da ƙafa, ta daina sa sukari a koko. Da rana kuwa dokunu biyu, a kora da burkina, wato nono da gero. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata dokunu da tuwon zafi da sakwara duk sukari suke komawa a jiki, magana ce ta yawan abin da ke cikin kwano. Tsofaffinmu suna jin Twi na ciniki, amma bayanin ciwo sai da harshen da mutum yake mafarki da shi.

Sai azumi. Bara wani maƙwabcinmu ya sha maganin sukarinsa, glibenclamide, da sahur kamar kullum, kafin la'asar gumi ya rufe shi, yana sambatu. Har an fara tofa masa addu'a ana cewa iska ne, alhali sukarinsa ne ya faɗi. Da an gaya masa tun Sha'aban yadda za a sauya lokacin magani, da cewa in awon sukari ya sauka ƙasa da 3.9 a karya azumi, da bai kai haka ba. Ma'aikacin da ke aiki cikin Musulmi ya kamata ya san wannan kamar sunansa, limamanmu ma a haɗa da su.

Na san wani zai ce a horar da su, su kwashe zuwa Ingila. Gaskiya ne, suna tafiya. Shi ya sa ba na son abin ya rataya a wuyan yarinya ɗaya mai kirki, a sa shi cikin karatun kowace nas tun daga makaranta.

An wanke wa Gwaggo tsagar, an ce ta dawo bayan mako guda, ta kuma koma sa rufaffen takalmi. Ta rantse ba za ta sa "takalmin 'yan makaranta" ta je biki ba. Gobe dai zan ja ta kasuwar Kejetia mu gwada.