Wai yanzu kotun kare haƙƙin ɗan Adam ce matsalar Turai?

Har yanzu wasiƙar nan ta watan Mayun 2025 tana ci min tuwo a ƙwarya. Ƙasashen Turai tara, Italiya da Denmark a gaba, suka haɗu suka rubuta wai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg ta cika ɗaure musu hannu, ba ta barin su kori baƙi yadda suke so. Meloni ta Italiya ba ta ba ni mamaki ba, dama da wannan waƙar ta ci zaɓe. Mette Frederiksen ta Denmark ce ta ƙona min rai, shugabar jam'iyyar da ake cewa ta ma'aikata ce, yau bakinta ɗaya da masu ƙyamar baƙi, kuma ko kunya babu.

Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta 1950 da kotun ke aiki da ita fa Turawa ne suka rubuta ta da hannunsu bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da su ne ke yawo da ƙunshin kaya a kai suna neman mafaka. Shekara da shekaru suna zuwa mana nan da taron bita da tallafi suna koya mana haƙƙin ɗan Adam, to yanzu da mai neman haƙƙin ya zama baƙin mutum a cikin kwale-kwale sai doka ta tsufa, sai a sake mata fassara? Haba.

Za su ce ai baƙi masu laifi kawai suke nufi. Kullum da masu laifi ake fara buɗe ƙofar, mun san sauran.

Ku tuna 2012, kotun nan ta samu Italiya da laifi saboda ta tare 'yan Somaliya da Eritiriya a teku ta mayar da su Libiya. Sun daina? Ina! Kwangila suka bayar. A 2017 suka ƙulla da Libiya, masu gadin tekunta su riƙa kamo mutane, a 2023 Tarayyar Turai ta ƙulla da Tunisiya, 'yan watanni bayan shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce kwararowar baƙin haure baƙaƙen fata makirci ne na sauya al'ummar ƙasarsa. Birtaniya kuma ta narka kusan fam miliyan 700 a shirin tura masu neman mafaka Ruwanda, mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da kansu suka yarda.

Mu dai inda abin yake taɓa mu shi ne Assamaka, garin Nijar da ke kan iyaka da Aljeriya. Motocin Aljeriya su juye mutane a wajen da ake kira Point Zéro, cikin rairayi, wani ba takalmi an ƙwace masa waya da 'yan kuɗinsa, mace da goyo, a nuna musu hanya da yatsa su taka kilomita 15 kafin su ga ruwan sha. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Aljeriya ba ta ƙarƙashin kotun Turai, na sani, amma tsakani da Allah wa ya rage zai tsawata mata in masu wa'azin da kansu sun ce dokar ta yi musu nauyi?

Namu shugabannin kuwa shiru kake ji. Tarayyar Afirka tana da kotunta a Arusha, tana da hukumarta a Banjul, a kai ƙara mana ko sau ɗaya. Kuma duk ministan da zai je Brussels karɓo kuɗin tsare iyaka, a fara kai shi Assamaka ya kwana biyu a watan Afrilu.